Yadda na gyara ma'ajiyar shagonmu da ke ɓacewa in an ɗauke wuta

Shagon buga takardu da hotuna gare mu a Samaru. Ayyukan ɗalibai da hotunan biki duk suna cikin NAS, wato ɗan akwatin ajiya mai faifai 2 da kwamfutocinmu 3 ke shiga ta rauta, na'urar da ke haɗa su waje ɗaya.

Duk sanda aka ɗauke wuta muka tayar da janareta, sai fayilolin su ɓace. Akwatin na kunne, amma babu shiga. Ranar da wata ɗaliba ta zauna jiran kundin digirinta har la'asar, hankalina ya tashi ƙwarai, na ɗauka faifan ne ya mutu.

Ashe lafiyarsa ƙalau. Rauta ce ke raba adireshin IP, wato lambar da ake gano kowace na'ura da ita, in ta sake tashi sai ta ba akwatin sabo. Jiya 192.168.1.104, yau 192.168.1.107, kwamfutocin kuwa suna can suna ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa.

Na shiga saitin rautar, sashen DHCP mai raba adireshi, na sa lambar MAC, wato lambar shaidar da ke manne a jikin akwatin, na keɓe masa adireshi ɗaya na dindindin. Sannan na sake haɗa foldar a kowace kwamfuta.

Na kuma sayo UPS, batirin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, a Sabon Gari, na jona shi da akwatin ta USB domin akwatin ya kashe kansa a tsanake kafin batir ya ƙare. Wannan kam kada a yi rowarsa, domin wuta in ta yanke ana tsakiyar ajiya tana iya lalata fayil, ko da faifai biyun na kwafar juna.