Yadda ake kawar da jan yauƙi a akwatin kifin ruwan gishiri

Jan yauƙin nan da ke lulluɓe yashi da duwatsu ƙwayoyin bakteriya ne, haske da ragowar abinci ke raya su.

Da farko zuƙe shi da siririn tiyo. Kada ka goge, watsuwa zai yi. Sannan canza kashi 20 cikin 100 na ruwan. A nan Damagaram kada ka zuba ruwan famfo ko na 'yan garuwa kai tsaye, taceccen ruwa za ka haɗa da gishirin da aka yi musamman don akwatin kifin teku, ba na Bilma ba.

Rage abinci. Karkata famfon da ke juya ruwan akwatin zuwa lungunan da ruwa ke kwanciya.

Sai ka kashe fitila kwana 3, ka rufe akwatin da baƙin zane. Injin da ke hura iska cikin ruwan kuwa kada ya tsaya, musamman da zafin bazara.