Babi na 7: Haɗa Sandar Wutar Alama ta Soja don Wasan Kwaikwayo

Wannan babin na masu shirya wasan kwaikwayo ne, da iyayen da aka ce 'ya'yansu za su fito a matsayin sojoji a wasan makaranta. Abin da za mu haɗa kamanni ne kawai. Ba ya kama wuta, ba ya fashewa, ba ya harba komai. Kwali ne da ƙullun fulawa. A karanta layi ɗaya, a tsaya, a yi abin da layin ya ce, sannan a wuce gaba. Wanda karatu bai zauna masa ba tukuna ya zauna kusa da wanda ya fi shi, babu kunya a nan.

Darasi na 1: Mece ce wutar alama?

Idan soja ko matuƙin jirgin ruwa yana nesa da dare, kuma yana so 'yan'uwansa su san inda yake, yakan harba wata wuta mai launi sama. Ja a teku na nufin ana neman agaji. Fara kuma ana haska fili da ita. Irin wadda jiragen ruwa ke ɗauka tana tashi sama har mita 300 kafin ta sauko a hankali da 'yar lemarta. Wata mata 'yar Amurka mai suna Martha Coston ta yi rajistar irin nata tsarin a 1859, sojojin ruwan ƙasarsu kuma suka yi aiki da shi a yaƙin basasarsu. Irin ta hannu da sojojin Amurka ke riƙewa bututun alminiyam ne mai murfi, tsawonsa kusan santimita 25, kaurinsa kusan santimita 4. Ita za mu kwaikwaya.

A karanta da ƙarfi: wu-ta. a-la-ma. so-ja. mur-fi. kwa-li.

Darasi na 2: Kayan aiki

A nemo tsohuwar kalanda mai kauri ko kwalin sukari, muciya ko ƙotar fartanya, almakashi, fensir, rula, fulawa cokali 2, ruwa kofi 1, tsohuwar jarida, zare, da ledar madarar gari wadda cikinta ke ƙyalli. Duk suna gida ko wajen maƙwabta. Kada kowa ya kashe kuɗi.

Ga yadda ake dama ƙullu. A zuba fulawar a ruwan sanyi, a dama har gudaji su mutu, sannan a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri kamar koko. A sauke, a bari ya huce. Wutar murhun nan ita kaɗai ce wutar da ke cikin wannan babin.

Darasi na 3: Awo

Nan ne wurin da aka fi tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Ku yi haƙuri da ni.

Ku ɗauki rula ku ajiye a gabanku, lambobin suna kallonku. Ku dubi hannun hagu. Kafin lamba 1 akwai wani dogon layi, a wasu rulolin an rubuta 0 a kansa, a wasu ba a rubuta komai ba. Ku ɗora yatsa a kan layin. Wannan shi ne sifiri. Daga nan awo yake farawa. Ba daga bakin rula ba, ba kuma daga 1 ba. Daga sifiri.

Na san abin da ke kawo ruɗani. Tun muna yara da ɗaya muke fara ƙirga, ɗaya, biyu, uku, sai hannu ya tafi kan 1 da kansa. Amma a rula lamba 1 tana nufin an riga an ci santimita ɗaya. Wanda ya fara daga 1 ya tsaya a 25, abin da ya auna santimita 24 ne. Ya yi asarar ɗaya bai sani ba.

To mu gwada. Ku shimfiɗa kalanda, farin bayanta a sama. Ku daidaita bakin takardar da layin sifiri. Ku duba da kyau, bakin takarda da layin sifiri su haɗu daidai. Ku danne rula da hannun hagu kada ta motsa. Ku bi lambobi da bakin fensir: 5, 10, 15, 20, 25. A kan 25 ku ɗiga ɗigo. Lambar 25 ana rubuta ta da 2 a gaba, 5 a baya. Idan 5 ce ta zo gaba, wannan 52 ce, kuma ba ta kan rular makaranta, domin rular tana ƙarewa a 30.

Yanzu ku ɗaga rular, ku sauko ƙasa kamar tafin hannu ɗaya, ku sake aunawa. Ina za a ɗora bakin takarda? A sifiri. Ku ɗiga ɗigo na biyu a 25. Ku sake saukowa, ku sake, daga sifiri, ɗigo na uku. Ku haɗa ɗigon uku da layi. Idan layin ya miƙe, awonku ya yi. Idan ya karkace, a ɗaya daga cikin ukun an fara daga 1. Ba laifi ba ne. A goge, a koma sifiri.

Iyayenmu mata masu ɗinki da yawa sun zo da tef ɗin tela maimakon rula. Yana yi, sai dai fuska biyu gare shi. Fuskar da lambobinta suke manya kuma nesa da juna inci ce. Fuskar da lambobinta suke ƙanana a matse ita ce santimita. Mu ƙananan muke bi. Inna, idan da inci kika saba, ki auna 10, kusan daidai yake da santimita 25. A tef, sifiri yana can bakin ƙarfen da ke kan tef ɗin, daga nan za ki fara.

Sai ɗaya gefen takardar. Shi kuma santimita 30 ne. Daga sifiri zuwa 30, ɗigo uku, layi ɗaya. Kada a yanka sai na kusa da kai ya ɗora tasa rular ya tabbatar. Sannan a yanka a kan layi.

Aiki: a rubuta a littafi sau biyar, "Awo daga sifiri yake farawa."

Darasi na 4: Naɗi

A kwantar da muciya a kan gefen da ke da santimita 25. A naɗa takardar zagaye ɗaya ba tare da ƙullu ba, domin idan ƙullu ya taɓa muciya ba za ta fita ba. Daga zagaye na biyu a riƙa shafa ƙullu da yatsa, siriri, ana naɗewa har takarda ta ƙare. A ɗaure da zare a wuri uku. A zare muciya a hankali. A ajiye bututun a inuwa ya kwana. A rana yakan lanƙwashe.

Da safe a sake aunawa. Ƙasan bututu a kan sifiri, samansa ya kamata ya faɗa a kan 25. Na ga waɗanda suka yi awo daidai jiya, yau kuma suka koma ɗora shi a kan 1 suna cewa bututunsu ya ƙaru da dare. Bai ƙaru ba. A mayar da shi sifiri.

A cusa jarida a ciki ta cika, don kada ya lotse idan yaro ya matse shi. A yanko kwali zagaye a liƙe ƙasan.

Darasi na 5: Murfi da rubutu

A auna wata takarda mai faɗin santimita 6, daga sifiri. A naɗa ta a kan bututun sako-sako yadda za ta riƙa zamewa, a liƙe bakinta, a rufe samanta da kwali. Murfi ke nan. A tsaga ledar madara, a wanke, a shanya, a juyo ƙyallin waje. Ƙullu ba ya kama leda, sai a naɗe bututun da ita a ɗaure da zare ko salatif.

A yanki farar takarda a rubuta da manyan baƙaƙe: TA WASA CE. A ɗaure ta da zare ko salatif a jikin sandar inda kowa zai gani.

A nan dole in yi magana, kuma ba da wasa nake ba. Akwai samarin da suka tambaye ni ko za su iya kankare kan ashana ko su zuba abin wasan wuta na sallah a ciki don ta yi tartsatsi. Haba! Kwali da jarida a hannun yaro, fuskarsa a kusa, jama'a a cike a ɗaki, sannan a kawo wuta? Wanda ya zo da ashana ko fetur ko albarushi ajin nan ya koma da abinsa gida, shi ma ya zauna can. Kuma masu tsallake rubutun TA WASA CE saboda wai yana ɓata kyan abin, ku sani daga nesa babu mai iya bambance ta da ta gaske. Rubutun ne zai yi muku bayani kafin ku buɗe baki.

Darasi na 6: Haske

Wanda yake son ta haska a dandali ya rage jaridar sama, ya sa ƙaramar tocila, ya rufe bakin da jar leda. Ɗan wasa ya cire murfi, ya kunna, ya ɗaga hannu sama.

A karanta: to-ci-la. le-da. has-ke.

Darasi na 7: Ɗauka da ajiya

A kai ta wurin wasa a cikin jaka, a dawo da ita a cikin jaka. Kayan da suka yi kama da na soja a wurin wasa ake sa su, a can kuma ake cire su, kada a bi titi da su. Idan wasan a fili ne, a sanar da mai unguwa tun da wuri.

Aiki: kowa ya auna bututunsa, ya rubuta tsawonsa da lamba, ya kawo mako mai zuwa tare da rularsa.