Shawara ga masu zana ci gaban ɗalibai da manhajar R

Assalamu alaikum malamai. Mai son gwada zanen ci gaban ɗalibai da makin da R za ta ƙirƙira don gwaji, kafin sakamakon gaske ya zo hannu, ya fara da set.seed(12). In ba haka ba, duk bugu sai zanen ya sauya kama.

A ce yara 60 ne, maki bisa 20 yadda ake bayarwa a Garwa da Marwa ta Kamaru. rnorm(60, 9, 2.5), mai fitar da lambobi 60 na kan-mai-uwa-da-wabi da ke kewaye da matsakaicin 9 da warwatsuwar 2.5, zai ba kowane yaro makin mafarinsa. Sannan a ba kowa nasa saurin ƙaruwa, rnorm(60, 1, 0.5) a kowane zango, don yara ba sa tafiya kafaɗa ɗaya. A daure makin tsakanin 0 da 20 da pmin da pmax.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne ggplot2, ƙunshin R na yin zane. Tebur ya zama dogo: layi ɗaya, yaro ɗaya, zango ɗaya, wato layi 180 na zango uku. In aka manta group = dalibi, wato kowane ɗalibi da layinsa, geom_line mai jan layi zai haɗe yaran duka a zare ɗaya mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. A sa alpha = 0.2 layukan su dusashe, a ɗora matsakaicin aji da kauri ta stat_summary.

Don Allah a guji ylim, mai sa iyakar sama da ƙasa, wajen matse zane, yana zubar da makin da ya fita iyaka, matsakaici ya karkace. A yi amfani da coord_cartesian a madadinsa, shi ba ya zubar da komai.

Ranar da makin gaske ya zo daga Excel na Faransanci, mai rubuta 12,5 maimakon 12.5, a ajiye shi a matsayin fayil na CSV, da read.csv2 za a buɗe fayil ɗin.