Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa samfurin kan jirgin ƙasa mai tsatsa

Duk mai sha'awar haɗa ƙananan samfuran jiragen ƙasa, wata rana sai ransa ya raya masa ya yi mataccen kan jirgi, irin mai tururin nan da aka jingine shekara da shekaru, ciyawa ta fito a tsakanin ƙafafunsa. A ido kamar ya fi sabo sauƙi, tunda ba a neman sheƙi ko santsi. Sai an zauna da buroshi ake gane ya fi wuya, domin kowane ɗigon tsatsa a jikin ƙarfe akwai abin da ya kawo shi wurin, ko ruwa ko zafi ko toka. Yawancin kurakuran da zan faɗa daga mantawa da wannan suke fitowa.

Babba a cikinsu shi ne fara aiki babu hoto a gaba. Mutum ya yi ta shafa tsatsa daga ka, yadda yake zaton take. Maganin shi ne ka zaɓi jirgi guda na gaske, ka tara hotunansa ta kowane ɓangare. Wurin da na fi tura mutane shi ne filin 'yan gwangwan na Woodham Brothers da ke garin Barry a yankin Wales. Lokacin da Birtaniya ke sallamar jiragen tururi, aikin da ta kammala a watan Agustan 1968, wannan kamfani ya sayi kawunan jirgi 297. Sai mai wurin, Dai Woodham, ya ga yanka tsofaffin taragu ya fi sauri, ya bar kawunan a jere a kusa da teku, iska mai gishiri tana kaɗa su. Masu son adana tarihi suka riƙa zuwa suna saye ɗaya bayan ɗaya, har aka ceto 213. An ɗauki hotunan filin ba adadi, kuma a cikinsu za ka ga jirgin da ya shekara biyu a ajiye da wanda ya shekara ashirin. Ba kamarsu ɗaya ba. Ka yanke shawarar shekarun naka kafin ka buɗe gwangwanin fenti.

Kafin fentin ma akwai ɓarnar da ake yi a wajen haɗawa. Ana cika gam har ya tsattsafo ya narkar da kawunan ƙusoshin da aka zana a jikin robar, alhali a kansu tsatsa take fara taruwa. Ka nemi gam mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin, ka haɗa ɓangarorin biyu tukuna, sannan ka taɓa bakin haɗin da kan buroshi, shi da kansa zai bi layin ya shige. Ka kankare layin da injin zuba roba ya bari a bayan tukunyar jirgin, ka bi da samfefa mai laushi, ka wanke da ruwan sabulu don maiƙon hannu ya fita. Wanda ya tsallake shafin farko na share fage, fentinsa zai riƙa ɓarewa a inda bai so ba.

Sai kuma manna komai da ke cikin kwali. Jirgin da aka yar ba ya zama da kayansa cif. A Barry, bututan jan ƙarfe da famfunan tagulla da usur da agogunan ɗakin direba su ne suka fara tafiya, gilasan tagogi suka farfashe, wasu aka kwance musu sandunan da ke haɗa ƙafafu, wasu ma aka raba su da taragonsu na kwal da ruwa. Idan kana aiki da samfurin roba na 9F, wani ajin manyan kawunan jirgin tururi na Birtaniya, wanda kamfanin Dapol ya sayar, asalinsa na kamfanin Kitmaster ne kafin ya bi ta hannun kamfanin Airfix, ka yi sa'a, domin 'yan wannan ajin da dama sun kwana a Barry. Ka cire abin da hotonka ya nuna babu, ka huda ɗan rami a gurbinsa. Idan ka bar wani abu na tagulla, kada ka sa masa jan tsatsa. Tagulla da jan ƙarfe duhu suke yi, sannan su yi kore-kore.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato launi. Na farkon da na yi, kwalba ɗaya na saya mai ruwan goro na bi jirgin da ita daga goshi har wutsiya, kuma da ya bushe na san ban girmama ƙarfen ba. Ka fita ka dubi tsohon kwanon rufi ko mataccen tifa a bakin gareji. Tsatsar da ta daɗe duhu gare ta, ruwan makuba mai karkata zuwa baƙi, wani wurin har da ɗan shunayya. Mai hasken nan ruwan goro sabuwa ce, wadda ruwan sama ya wanko kwanan nan, kuma siririya take zuwa, tana gangarowa daga ƙusa ko bakin haɗi. Saboda haka shimfiɗarka ta zama mai duhu, ka ɗiɗɗiga launi uku ko huɗu a kanta da gutsuren soso wanda ka matse a takarda har ya kusa bushewa, mai hasken ya zo a ƙarshe, kaɗan.

Haka ma wurin da take kama. Gaban jirgi, akwatin hayaƙin da ke ƙarƙashin bututu, ba shi da rufin da ke tare zafi kamar tukunya, don haka fentinsa ya riga ya ƙone tun jirgin na aiki, shi ne ke fara yin ja gaba ɗaya. Ƙasan ƙofarsa ya fi ko'ina lalacewa, domin toka ta kwanta a ciki, ruwa ya same ta, su biyun su ci ƙarfen. Haka kaskon toka na ƙarƙashin murhu da cikin taragon kwal. Jikin tukunya kuwa siraran faranti ne aka lulluɓa a kan abin tare zafi, su kan huje daga sama inda ruwa ke kwanciya, wani lokaci farantin ya ɗage farin abin da ke ciki ya leƙo. Amma ƙasa, wajen ƙafafu da akwatunan gatari, wato sandar da ke riƙe ƙafafun, shekarun baƙin mai da giris da ƙura sun yi masa sulke, ya kan daɗe yana baƙi-baƙi bayan sama ta gama ja. Wanda ya daidaita tsatsa ko'ina ya shafe wannan bambancin, kuma shi ne ke sa mai kallo ya yarda.

Kar a manta da ma'auni. A sikelin OO na Birtaniya, kashi 1 cikin 76, jirgin 9F mai tsawon kimanin mita 20 bai fi santimita 26 da ɗoriya ba. Milimita 1 a teburinka ya haura santimita 7 a gaske. Ɓarewar fenti mai faɗin milimita 3 ta kai taƙi guda ke nan. Masu amfani da dabarar gishiri sukan faɗa wannan ramin: a jiƙa shimfiɗar tsatsa, a barbaɗa gishiri, a fesa baƙin fenti a kai, in ya bushe a karkaɗe. Dabara ce mai kyau, sai dai gishirin ya zama an daka shi, manya da ƙanana a gauraye. Na fi son ta feshin gashi, wato abin nan na gwangwani da ake fesa wa gashin kai don ya tsaya. Ka fesa shi sama-sama a kan tsatsar da ta bushe, ka bi da siririn fenti mai narkewa a ruwa, bayan ɗan lokaci ka jiƙa buroshi mai tauri ka riƙa taɓawa a hankali, da tsinken sakace a wuraren lungu. In ka cika feshin, fentin zai saɓule kamar fatar dafaffen tumatir. In ka bari ya kwana biyu, zai ƙi tashi. Baƙin saman kuma kada ya zama baƙi wuluk, ka sirka shi da ruwan toka da ɗan ruwan ƙasa, domin rana ta riga ta koɗar da shi.

Gaggawa tana kashe aikin mako guda a minti ɗaya. Tsiyayar tsatsa da fentin mai ake yin ta, a ɗiga ɗan tabo, a ja shi ƙasa da buroshi mai ɗan damshin tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi. Idan fentin ƙasa shi ma na mai ne, irin Humbrol na gwangwani, tinar za ta narkar da shi. Ka raba su da shafin banish, wato shafi marar launi mai kare fenti, irin mai narkewa a ruwa, ka ba shi kwana guda. Ka ja layin yadda ruwa zai bi, a tukunya ya zagayo da cikinta, a bango ya sauka tsaye. A lokacin hunturu ka kifa roba ko kwali a kan aikin da zarar ka ajiye buroshi, in ba haka ba ƙurar hazo za ta manne masa. Garin launi ko alli da aka kankare shi ne na ƙarshe, kuma banish yana haɗiye shi, don haka ka fesa banish marar sheƙi tukuna, sannan ka sa garin, ka kafe shi da ɗigon tina daga gefe.

Bakin ƙafafu ma a rufe shi da tsatsa, tare da saman digar da jirgin ke tsaye a kai, domin sheƙin ƙarfe a nan na jirgin da ke tafiya ne. Ka sa ciyawa, ka sa jan tabo a duwatsun da ke ƙarƙashin inda ruwa ke ɗiga.

Wanda kuma yake son yin namu na gida, irin waɗanda suka ja gyaɗa a layin da ya iso Kano a 1911, ya lura da faɗin diga. Tsohon layin Najeriya milimita 1,067 ne, ya fi na Birtaniya mai 1,435 matsewa. A sikelin HO, kashi 1 cikin 87, diga mai milimita 12 za ka nema. In mai 16.5 ce a hannunka, sai ka gina jirgin a kashi 1 cikin 64. Tsatsarsa ma ka rage mata duhun damshi in a Arewa ka ajiye shi, ka ƙara jar ƙura a kan rufi da duk wani wuri mai faɗi.