Shawara Ga Masu Neman Aikin Edita a Cibiyoyin Adabi

'Yan uwa na Katsina da Daura masu sha'awar aikin tace rubutu a cibiyar adabi ta ƙasa, ko a ƙungiya irin ta Marubutan Najeriya da aka kafa a 1981, ku sani cewa takardar digiri kaɗai ba ta wadatarwa. Ku ajiye kwafi biyu na duk rubutun da kuka gyara, na asali da gyararre, domin mai tantancewa ya ga yadda kuke raba kalmomi, da sanya ƙugiya a ɓ, ɗ da ƙ, da mayar da Katsinanci zuwa daidaitacciyar Hausa ba tare da kun kashe muryar marubucin ba, wanda a ganina shi ne mafi wuya. Masu neman ɓangaren gudanarwa kuwa, su ƙware wajen rubuta bayanin taro, su kuma tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun kafin a tallata gurbi.