Wannan -ent ɗin ba a furta shi

'Yan uwa masu koyon Faransanci, ku ɗauki aikatau parler (yin magana). Je parle, tu parles, ils parlent: rubutu uku, amma a baki gaɓa ɗaya ce tak, "parl". Don Allah kada ku ce "parlan". Sai an zo nous parlons da vous parlez kalmar ke rabuwa biyu: par-lons, par-lez.

Aikatau acheter (saye) ya fi rikitarwa. A achète, "a-shet", wasalin e na tsakiya a buɗe yake, shi ya sa aka ɗora masa alama (è). A achetons kuwa yakan ɓace a magana: "ash-ton". Ku riƙa tafa hannu kan kowace gaɓa kuna karantawa da ƙarfi. Da haka ƙanwata ta gane a Maradi.