Yadda zaka gyara tsohon kesin kwamfuta ya ɗauki sabon madabod

Duk wanda ya taɓa ɗaga ɗaya daga cikin tsofaffin kwamfutocin ofis ɗin nan na Dell ko HP da ake shigo da su daga Turai da Amurka, waɗanda muke ce wa Beljiyam, ya san ƙarfensu daban ne. Nauyi gare su, ka danna gefen da yatsa baya lotsawa, ba irin sabon kes mai arha ba da iska ma sai ta kaɗa shi. Shi yasa yake min ciwo in ga an kwashe su an kai wa 'yan gwangwan a kan kuɗin kilo, alhali kayan ciki ne kawai suka tsufa, gidan yana nan garau. Za a iya gyara shi ya ɗauki sabon madabod (allon da sauran kayan ciki ke hawa a kai) da sabon fawa fak (akwatin da ke ba kwamfuta wuta) da katin girafik (mai fitar da hoto), amma fa aikin awo ne kafin ya zama aikin yanka, wanda ya fara da giranda kafin ya ɗauki tef to ya shirya asarar kes ɗin.

Ka fara sanin girman abin da zaka saka. Tsarin da kusan kowa ke bi sunansa ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, babban allonsa milimita 305 ne a 244. Ƙanensa microATX 244 a 244, sai ɗan autansu Mini-ITX 170 a 170. Abin daɗin shi ne mafi yawan ramukan sukuru na ƙananan suna hawa kan na babban, kuma tagar baya inda USB da HDMI da ramin waya ke leƙowa girmanta ɗaya ce a dukkansu, milimita 158.75 a 44.45. Tsakanin ramin kati da na kusa da shi milimita 20.32. Ka rubuta waɗannan a takarda ka manna a bango. Ni shawarata ga mafi yawan kesunan ofis ka tsaya a microATX, babban ATX yana son ramin kati bakwai a baya su kuma yawanci huɗu gare su.

Yanzu sai ka buɗe naka ka ga wane iri ne, don ba duka suke ɗaya ba. Akwai masu sauƙin kai, irin dogayen OptiPlex 790 da 990 da 7010, waɗannan zaman allonsu kusan na microATX ne, rigimarsu tana wajen wayoyin gaba. Akwai kuma na zamanin BTX, wani tsari ne da Intel ya kawo a 2004 bai yi nisa ba aka watsar da shi, OptiPlex 745 da 755 da 760 da 780 duk shi suka bi. Gane su ba wuya, ka tsaya a gaban kwamfutar, in murfin hagu ake cirewa to zaman ATX ne, in na dama ne kuma fanka tana gaba daf da firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) to BTX ne, komai nasa a juye yake, madabod ɗin yanzu ba zai taɓa hawa ba sai an sake masa baya gaba ɗaya. Su kuma 'yan siraran nan da ake kwantarwa a ɗora monita a kai, gaskiya in wannan ne aikinka na farko ka kyale su, ba wurin fawa fak na gama-gari, ba wurin dogon kati, wahalar ta fi ribar yawa.

Kayan aiki ba su da yawa: sukundireba, tef na awo, maka ta yin alama, injin huda da bakuna na milimita 2.7 da 3.2 da 4, ƙaramar giranda ko zarton ƙarfe, magagari, samfefa, bindigar ribit, da mitar gwajin waya. In baka da giranda ka zana layinka da kyau ka kai wa mai walda ka tsaya a kansa ya yanka, kar ka bar masa ka tafi. Sai abu biyu da ya kamata ka roƙa a shagon gyara, mataccen madabod na ATX ko microATX da matattun kati guda biyu, su ne ma'auninka. Tabarau na kare ido da safar hannu dole ne, ƙarfen nan in an yanka shi kaifinsa kamar reza.

Kwashe komai tas kafin ka taɓa ƙarfe. Allo, fanka, fawa fak, wayoyi, robar gaba, har 'yan ƙananan fitilu. Ka ɗauki hoton kowace waya a inda take kafin ka zare, zai maka amfani anjima.

In kes ɗinka mai sauƙin kai ne ga yadda ake samun wurin ramuka ba tare da lissafi ba. Soka matattun katin nan biyu a mataccen madabod, ɗaya a ramin farko ɗaya a na ƙarshe, ka sa kwali mai kaurin kamar milimita 6 a ƙarƙashin allon, sai ka zura shi cikin kes ka ɗaure katunan da sukuru a ramukansu na baya. Katunan da kansu zasu ja allon zuwa inda ya kamata ya zauna. Daga nan ka zura maka ta kowane ramin allo ka ɗiga alama a ƙarfe. Na gwada yin awon nan da rula zalla, kuskuren milimita biyu kawai ya sa katin girafik ya ƙi shiga daidai, tun daga ranar hanyar kati nake bi. Bayan ka cire allon sai ka sa ƙusa ka buga ɗan gurbi a kan kowace alama don kada bakin huda ya zame, sannan ka huda. 'Yan ƙafafun tagulla da allo ke zama a kai tsayinsu wajen milimita 6 ne da ɗan ɗoriya, zarensu yawanci 6-32, in kana da abin yanka zare ka huda da 2.7 ka yanka, in babu ka huda da 4 ka ɗaure ta baya da noti. Allon ITX ƙafa huɗu yake so, babban ATX yawanci tara.

Nan ne wurin da mutane suka fi ƙona allo, don haka ka natsu. Duk wata tsohuwar ƙafa ko tudun ƙarfe da kamfani ya bugo a jikin kes wanda bai zo daidai da rami a sabon allonka ba, cire shi, in tudu ne ka goge shi da giranda ya kwanta. In ka bar shi zai taɓa dalmar da ke bayan allo, kana kunnawa ya haɗa wuta. Wasu suna liƙa selotef a kai su wuce, ni ban yarda da wannan ba, zafi yana sa ya saki, kuma kan dalma tsini gare shi yana huda shi a hankali.

Tagar baya kuma, in ta kes ɗinka mai cirewa ce ka gode Allah, tura ta ta fita ka sa wadda ta zo da sabon allo. In a jikin ƙarfen aka huda ta sai yanka. Da mataccen allon a ɗaure zaka ga inda zata faɗa, zana 158.75 a 44.45, ka yanka ta cikin layi ba a kan layi ba, sauran ka bi da magagari kaɗan-kaɗan kana gwadawa har farantin ya shiga da ɗan ƙarfi yace ƙas. Ramin da ya yi ƙanƙanta ana ƙara shi, wanda ya yi girma sai dai faci.

To mai BTX fa, ko wanda bayansa sam bai dace ba? Kar ka wahalar da kanka da huda rami ɗaya-ɗaya. Nemi wani mataccen kes na ATX, ko mai tsatsa ne ko wanda gabansa ya fashe, abin da kake so a jikinsa farantin da allo ke zama a kai ne tare da bayansa, a haɗe. Ribit ne ya riƙe su, sa bakin 3.2 a tsakiyar kowane ribit ka huda kansa zai fita, ka zaro su a matsayin abu guda. Sai ka yanke bayan tsohon kes ɗinka ka bar baki kamar milimita 15 zuwa 20 a zagaye inda zaka kama, ka ɗora sabon ka huda su tare ka buga ribit. Ka ga ramukan allo da tagar baya da ramin kati duk sun zo a daidaice daga masana'anta, ba ruwanka da awonsu. Da yake BTX ta dama ake buɗe shi, farantin zaka kifa shi ne kai ƙasa, ramin kati ya koma sama firosesa ya dawo ƙasa, kuma babu laifi a hakan, akwai kesunan da haka ake ƙera su tun asali. Kafin ka buga ribit na ƙarshe ka riƙe da sukuru biyu ka mayar da murfi ka ga yana rufuwa.

Fawa fak. Na gama-gari fuskarsa milimita 150 ce a 86, tsawonsa daga 140 zuwa sama, ramukan sukurunsa huɗu kuma ba a jere suke daidai ba, don haka ka kwafe su a kwali ka yi amfani da shi wajen alama. In wuri ya ƙure akwai ƙarami da ake kira SFX, 125 a 63.5 a 100. Tsohon da ka tarar a ciki ina roƙonka kada ka jona shi da sabon allo don kawai soket ɗin ya shiga. Akwai Dell na ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2000 da soket ɗinsu kamarsa ɗaya da na ATX amma jerin wayoyin daban ne, na baya-bayan nan kuma da yawa fil 8 ko 6 gare su maimakon 24, ba zasu yi ba. Ko da ya dace ma, abin da ya shekara goma sha yana aiki bai kamata a ɗora masa sabon kati ba. Kuma kada ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi. Wani abu da ya shafe mu nan gida: in fawa fak ɗin yana da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230, tabbatar yana kan 230 kafin ka soka, wutar Amurka ƙasa take da tamu, na taɓa gani da idona an jona wadda aka sauke daga kwantena tana kan 115, ƙara ɗaya ta yi sai hayaƙi.

Wayoyin gaba su ne suka fi cin lokaci duk da ba ƙarfi ake sawa ba. Kamfanonin nan suna haɗe maɓallin kunnawa da fitilu a soket nasu na kansu, sabon allo kuma fil biyu kawai yake nema na kunnawa, biyu na fitilar wuta, biyu na fitilar hadis (wato hadis dis, ma'ajiyar fayiloli). Sa mitarka a wurin da take ƙara in waya ta haɗu, ka riƙa taɓa wayoyin bibbiyu kana danna maɓallin, biyun da suka yi ƙara lokacin da ka danna suka yi shiru da ka saki su ne naka. Yanke su ka haɗa da 'yan soket ɗin da ka ciro daga mataccen kes ɗin can, ka yi dalma ka rufe, kar ka murɗa da hannu kawai. Maɓalli ba ruwansa da wace waya ce ta dama, fitila ce ke da kai da gindi, in bata kama ba juya ta. USB na gaba kuwa ka yi hattara, jerinsa a allo ja ne, fari, kore, baƙi, jan shi ne mai bolt 5, in ka juya shi filashin farko da aka soka ya tafi. In launin wayoyin naka bai bi wannan ba, ka bar shi ka sayi sabon faranti na USB da ramin iyafis ka ɗaura a gurbin tsohon CD, ya fi kwanciyar hankali. Fankar da ta zo da soket mai fil 5 ita ma canza ta kawai.

Sai iska, kuma a ƙasarmu wannan ba ado bane. An ƙera kesunan nan ne don ofis mai sanyi da firosesa mara cin wuta sosai, kai kuma zaka sa kati mai zafi a ɗakin da watan Afrilu ke gasawa. Mafi yawansu fanka ɗaya ce ta milimita 80 ko 92. In ka cire kejin hadis na gaba, shima ribit ne, zaka samu wurin fanka ta 120, tsakanin ramukan sukurunta milimita 105, kuma cire kejin ne zai ba dogon kati wurin miƙe ƙafa. SSD, wato ƙaramar ma'ajiyar zamani da ke maye gurbin hadis, bata buƙatar keji, sukuru biyu a ƙasan kes sun ishe ta. Ta gaba ta ja iska ciki, ta baya ta fitar. Ka sa ƙyallen raga irin na taga a gaban ta gaba saboda ƙurar hunturu, ka riƙa cirewa kana kakkaɓewa. Kafin ka sayi abin sanyaya firosesa auna daga allo zuwa murfi, dogayen nan suna kai milimita 150 zuwa 160 kuma kesunan ofis da yawa basu kai wannan faɗin ba.

Da ka gama yanka da huda, bi duk bakin da ka yanka da magagari da samfefa har ka iya shafawa da yatsa. Inda waya zata ratsa ka tsaga robar tsohuwar kebul ka sanya a bakin. Garin ƙarfe kuma shi ne mugun, yana maƙalewa a lunguna sai an kunna fanka ya tashi ya sauka kan allo, don haka ka bi da maganaɗisu, ka wanke da ruwa da omo, ka shanya a rana ya bushe ƙarau, wurin da fenti ya tashi ka fesa masa kada tsatsa ta kama.

Kada ka ɗaura sabbin kayan kai tsaye. Ɗora allon a kan kwalinsa, sa firosesa da ram da fawa fak, taɓa fil biyun kunnawa da bakin sukundireba ka ga ya nuna hoto, don in matsala ta fito daga baya ka san daga kes take. Lokacin sanyi jiki yana tara wuta, ka riƙa taɓa ƙarfen kes kafin ka kama allo. Wajen ɗaurawa sa duk sukurun a sake tukuna, soka kati ka ga ya zauna ba tare da ka tanƙwara komai ba, sannan ka ƙara musu ƙarfi. Kunna da murfi a buɗe, shiga BIOS (shafin saitin madabod da ake shiga da zarar an kunna) ka kalli zafin firosesa na minti goma, gwada USB na gaba da tsohon linzamin da baka damu da shi ba, in duk sun yi sai ka rufe murfin ka sake duba zafin bayan awa guda yana aiki.